A Riƙe Kuka Sai Baƙi Sun Wuce

Tsoho Tikamdas ya cika da hantsi, ranar da jirgi ke zuwa. An saukar da shi daga gado zuwa ƙasa, an kunna fitila a saitin kansa. Matarsa Sugna ta ja numfashi za ta rusa kuka, sai maƙwabcinsu Hukam Singh, mai shagon dardumai, ya ɗaga mata hannu daga bakin ƙofa.

"Matar yaya, tsaya. Ki yi wa girman Ubangiji, tsaya tukuna."

A cikin ganuwar birnin Jaisalmer kukan matar mamaci ne ke sanar da mutuwa. Da an ji shi sai a rufe ɗakin bauta, a kashe wutar girki, masu shaguna su ja ƙofofinsu har a fitar da gawa. Hanyar fita kuwa ɗaya ce tak, ita ce kuma baƙi ke bi su hawo. Jirgin ƙasan masu hannu da shuni sau ɗaya yake tsayawa a mako, shi ma lokacin sanyi kawai. Abin da lungun ya samu a irin waɗannan ranakun shi yake ci har zafi ya wuce.

Jethmal, ɗan marigayin, yana tsaye da rawaninsa mai launi-launi na aiki. Shi ne mai zagayawa da baƙin jirgin.

"Baffa, ubana ne fa kwance," ya ce.

"Abokina ne tun ba a haife ka ba. Kafin rana ta karya sun koma motar da ke mai da su jirgi. Ai Tikam da kansa zai ce a jira, mutumin da ko wajen cin abinci bai taɓa sauri ba." Hukam ya share ido da bakin rawaninsa. "In ta yi kukan nan yanzu, gida nawa ka rufe wa tukunya?"

Sugna ba Hukam take kallo ba. Ɗanta take kallo, domin tun ɗazu shi ne maigida.

"Inna," in ji Jethmal, idonsa a ƙasa, "kaɗan kawai."

Ta tura bakin jan mayafinta cikin baki, ta cije.

Jethmal ya tarbi baƙin a gindin ganuwa. An rataya musu furanni, makaɗa na dukan ganga. Sun kwana cikin sanyin jirgi, sun karya kumallo da cokulan azurfa, fuskokinsu fes. Ya ɗaga 'yar tutarsa ya shige gaba, bakinsa na zuba abin da ya saba zubawa: yadda aka jera duwatsun ba tare da laka ba, inda ake mirgino wa maƙiya duwatsu, wane sarki ya gina me. A ƙofar fada ya nuna musu shaidar tafukan hannun matan sarakuna da suka bi mazajensu cikin wuta.

Wata dattijuwa mai faffaɗar hula, wadda tun daga mota ba ta rabu da gefensa ba, ta ce, "Ba su yi kuka ba?"

"Ba a gaya mana ba, ranki ya daɗe."

Da suka shigo lungunsu ya gane kowa ya sani. Mai sayar da zobba ya gaishe shi yana kallon bango. Mai hidimar ɗakin bauta, wanda jiya ya zo duba tsohon, ya kaɗa ƙararrawa da ƙarfi fiye da kullum, ya shafa wa baƙi jan gari a goshi. Ba wanda ya ji kuka, saboda haka ba wanda ya mutu. Jethmal ya rasa wa ake yaudara. In Ubangiji ne, ai ya gani. In mutane ne, ai sun sani.

Gidansu na cikin wuraren da ake tsayawa, saboda tagar dutsen da kakansa ya sa aka sassaƙa. Ya yi niyyar wucewa da sauri, sai ya hango mahaifiyarsa zaune a bakin ƙofa. Ta kasa zama kusa da mijinta da baki a rufe, ta fito.

Baƙin suka yi mata zobe. Dattijuwar ta durƙusa, ta kama hannunta tana juya jajayen awarwaron da za a farfasa kafin dare, kamar yadda ake yi wa matar mamaci.

"Kai, sun yi kyau! Mahaifiyarka ce? Ce mata ta cire mayafin daga baki ta ɗan yi murmushi."

Jethmal ya dubi mahaifiyarsa. Dattijuwar ta sake faɗa, a hankali, kamar shi ne bai ji harshen ba.

"Inna, wai ki yi murmushi."

Sugna ta zare mayafin. Ya jiƙe, haƙora sun huda shi. Ta yi musu murmushi, suka ɗauki hoto, suka sake ɗauka.

"Ina tsohon nan mai gashin baki da muka gani a hoton cikin jirgi?" in ji dattijuwar.

"Yana ciki, kwance."

"Wayyo. To a bar shi ya huta."

A shagon Hukam suka daɗe. Ya warware wannan darduma, ya naɗe waccan, ya aika a kawo shayi. Inuwa ta fara komawa gabas. Jethmal ya matsa kusa da kunnensa.

"Baffa, dubi rana."

"Bari ta zaɓi launi mana, ɗan nan. Gaggawar me?" Ya faɗi haka ne kafin ya tuna. Fuskarsa ta canza, amma hannunsa bai daina warware dardumar ba.

Sai bayan la'asar motar ta tashi. Jethmal ya hawo da gudu, rawani a hannu. Matan lungu sun cika tsakar gidan, kowace ta rufe fuska, suna jiran matar gidan ta fara su amsa. Hukam ya leƙo.

"To, matar yaya. Yanzu kam."

Sugna ta durƙusa a ƙafafun mijinta. Ta buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ta dafa ƙirji ta sake gwadawa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Ta girgiza ƙafar tsohon kamar mai tashinsa daga barci.

"Jethu," ta ce da ɗanta, muryarta sarai kamar ta mai tambayar inda aka ajiye gishiri, "babu shi. Na riƙe, na riƙe, yanzu na nema ban same shi ba."

"Wata ta fara mata mana," in ji Hukam.

Ba wadda ta motsa. Ba a shiga gaban matar mamaci.

Rana ba ta jira ba, dole a ƙone shi kafin ta faɗi. Haka aka ɗauko Tikamdas daga gidan da aka haife shi, ba kuka a bayansa, shaguna rabi a rufe rabi a buɗe. Jethmal na gaba da tukunyar garwashi.

A ƙofar ƙasa wani tsohon mai gadi ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa.

"Tikam ne? Ban ji komai ba. Yaushe?"

Jethmal ya ji Hukam ya rage tafiya a bayansa.

"Yanzun nan," in ji Jethmal.