Hanifa Ba Ta Faɗin Sunanta

Ruƙayyatu ta sha faɗa cewa ranar da ta sake taka ƙasar Bangui za ta yi barci har da minshari. Shekara tara ta yi a Jidda ba takardar zama, tana wanki da guga a gidajen Larabawa, kunne ɗaya a kan aiki, ɗaya a bakin titi. Can ta haifi Hanifa, a wani ɗaki na unguwar Karantina da ko taga babu. Da mijinta Siddiq ya haɗa abin buɗe shagon atamfa a Titin Koudoukou, suka tattaro komatsansu suka dawo Kilomita Biyar, unguwar da aka binne cibiyarta. Sai dai sun dawo a shekarar da sojoji suka maida bore sana'a: yau su ɗauki bindiga a kan albashi, gobe a lallashe su, jibi su sake. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

A Jidda duk uwar da ba ta da takarda tana da karatun da take koya wa ɗanta tun kafin ya san alif. In ka ga mai kaki, ka ɓuya. In ya tambaye ka suna, kai kurma ne. In ya nuna uwarka ya ce wannan fa, ba ka taɓa ganinta ba, domin yaro ɗaya mai surutu ya isa a kwashe gida guda a mota. Ruƙayyatu ba ta tsaya a faɗa da baki ba. Takan sa wani maƙwabcinsu mai aikin gadi ya zura rigarsa ta kaki, ya tare yarinyar a lungu da alawa a hannu. Ranar da Hanifa, tana 'yar shekara huɗu, ta karɓi alawar ta ce, "Sunana Hanifa, ga Ummata can," dukan da ta sha da silifa sai da maƙwabta suka shigo ceto. Daga ranar bakinta ya mutu a gaban baƙo. Uwar kuwa har alfahari take yi cikin mata, wai 'yarta ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta yi magana ba.

Da watan Oktoba ya kama, malaman gwamnati na yajin aiki, sai aka sa Hanifa a wata 'yar makarantar kuɗi a bakin unguwar Miskine, mai azuzuwa uku da bishiyar mangwaro a tsakar fili. Shekararta bakwai, ba ta taɓa zama a benci ba. Sango, yaren garin, ba ta ji sai gaisuwa, Faransanci kuwa ko oho. Ruƙayyatu ta ɗinka mata riga shuɗiya, ta saya mata allo da alli, ta riƙo hannunta har ƙofa. A ƙofar ne suka tarar da mai gadi, Papa Firmen, tsohon soja da ya bar aiki tun kafin a haifi Hanifa amma ya ƙi rabuwa da kakinsa, kullum a goge. Ruƙayyatu ta ji hannun yarinyar ya sandare cikin nata. Ta ji sarai, ta kuma san dalili. Ta tura ta ciki ta juya, don tana da tukunya a wuta.

Mako biyu a tsakani malamar ajin, Madam Odil, ta tare ta da yaren Sango.

"Maman Hanifa, 'yarki tana ji kuwa? Kullum in na kira suna sai ta sunkuyar da kai. Rubutunta ya fi na kowa kyau, amma muryarta ban taɓa ji ba."

"Kunya ce, Madam. Baƙunta ce, za ta sake."

Ƙarya ta yi, kuma ƙaryar ta biyo ta har gida. Abin da ya kamata bai fi ta zaunar da yarinyar ta ce mata wancan karatun ya ƙare ba, nan garinsu ne. Amma ɗakinsu katanga ɗaya ya raba da na Hureira, ƙanwar Siddiq, wadda kunnenta ke jin faɗuwar allura. Ita kuma Ruƙayyatu ta riga ta cika matan gidan da labarin bene mai na'urar sanyi, ga haƙorin Makka tana haskawa, ana Hajiya sama Hajiya ƙasa. Ta yaya za ta buɗe baki a ji cewa zaman ɓera suka yi? Kullum sai ta ce gobe. Gobe kuwa ba ta ƙarewa a bakin mai jin kunya.

Wata Talata cikin Nuwamba, da hantsi, tana tsinke ganyen rogo, sai ta ji ƙarar bindiga ta farko daga wajen cikin gari. Kafin ta miƙe ta biyu ta biyo, sai kuma abin ya zama kamar ana suyar gugguru. Titin Koudoukou ya hautsine. Masu shaguna na jan ƙofofi, masu canji sun cusa jakunkuna a hammata, tasi na wucewa ba ta tsayawa. Siddiq yana Garwa ta Kamaru sayen kaya. Ta fita ba mayafi, tana kutsawa cikin mutane tana duba duk yarinya mai shuɗiyar riga.

Yaran unguwa suka dawo ɗaya bayan ɗaya, wasu ba takalmi. Babu Hanifa. Ta isa makarantar ta tarar da ƙofa a garƙame, ta buga har hannunta ya yi zafi, ba wanda ya amsa. Ta je gidan Madam Odil, malamar ta rantse ta kora yaran gaba ɗaya da kanta, aji ya zama wayam kafin ta fita. Hureira ta bi masallatai tana sa a yi cigiya. Ruƙayyatu ta bi lungunan Miskine tana tambayar duk wadda ta gani a ƙofar gida, kuma duk wadda ta tambaya sai ta ce, "In ta ɓata ai za ta faɗi gidansu." Wannan maganar ta fi harbin ci mata rai. Ita kaɗai ta san yarinyar ba za ta faɗa ba, kuma ta san wanda ya ɗinke mata bakin.

Bayan la'asar harbin ya lafa. Ta sake komawa makarantar don ba ta da sauran wurin zuwa. Wannan karon ƙofa a buɗe take. Papa Firmen, wanda ya fake a gidan ɗansa tun safe, ya dawo duba azuzuwa, ga shi tsugune a gaban kabad ɗin da ake ajiye alli da tsintsiya, da kofin ruwa a hannu.

A cikin kabad ɗin Hanifa take, ta naɗe kamar ƙullin kaya, rigarta a jiƙe da fitsari, leɓunanta sun bushe. Wajen awa bakwai ke nan.

Ruƙayyatu ta yi kanta da gudu, tsohon ya tare ta da hannu.

"Dakata, Madam. Ke wace ce?"

"Uwarta ce! Ni na kawo ta ranar farko, ba ka gane ni ba?"

"Iyaye ɗari ke wucewa ta ƙofata. A rana irin ta yau ba na miƙa yaro ga duk wanda ya ce nasa ne." Ya juya ga yarinyar ya sassauta murya. Ya tambaye ta da Sango, ya sake da Faransanci, ya nuna Ruƙayyatu da yatsa yadda ko kurma zai gane. "Mama?"

Hanifa ta ɗago. Ta dubi kakin, ta dubi uwarta ido cikin ido. Sannan ta girgiza kai a hankali, ta maida idonta ƙasa.

Ba haushin yarinyar Ruƙayyatu ta ji ba. Da za ta samu wanda zai ɗauki silifa ya rama wa yarinyar a jikinta, da ta gode masa.

"Hanifa, ni ce fa. Umma ce. Fito, 'yar albarka."

Ko motsi.

"Kin gani?" in ji tsohon. "Ba ta san ki ba."

Nan Hajiya ta durƙusa a kan simintin aji ta kwance wa baƙo abin da ta ɓoye wa dangin mijinta: Karantina, motar kame, alawar, silifar, duka. Tana faɗa tana kuka, Sangonta na sarƙewa. A ƙarshe ta ce, "Papa, don girman Allah, cire rigar nan."

Tsohon ya daɗe yana kallonta, kuma kallon ba na yabo ba ne. Sannan ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ninke rigar da ladabi, ya fita da ita bayan aji, ya dawo daga shi sai singileti mai huji a kafaɗa, tsoho kamar kakan kowa. Hanifa ta leƙa ƙofa ta tabbata kakin ya tafi. Ta zuro ƙafa ɗaya, ƙafar ta ƙi miƙewa, sai da rarrafe ta iso jikin uwarta. Ba ta yi kuka ba. Ruwan ta shanye tas.

Ruƙayyatu ta goya ta da zaninta kamar jaririya, suka kama hanya. Tana tafiya tana shirya maganar a ranta, yau kam ko Hureira za ta tara mata unguwa sai ta faɗa: wancan karatun ƙarya ne, na cuce ki, nan garinmu ne, ki faɗi sunanki da ƙarfi ga duk wanda ya tambaya.

Suna gab da fitowa Titin Koudoukou yarinyar ta kawo baki kusa da kunnenta.

"Umma, ban faɗa ba. Ya yi ta tambaya, har biskit ya ba ni, ban karɓa ba. Na yi daidai?"

Ruƙayyatu ta buɗe baki. A daidai nan ta hango abin da babu shi da safe: an gindaya ganguna biyu da katako a bakin titin, sojoji huɗu da bindigogi suna tsayar da masu wucewa, suna tambayar kowa sunansa da unguwarsu. Wani mutum da ya amsa, an zaunar da shi a ƙasa an cire masa takalmi. Ba ta san ko na gwamnati ne ko masu bore ba, ba ta kuma san wace amsa ce ke wucewa da mutum ba.

Ta gyara goyon, ta ƙara ɗaure zanin.

"Kin yi daidai," ta ce. "Yi shiru."