Jan Ɗigon Yaya

Haƙori fa ya fito! Ɗan ƙarami, fari tas, a dasashin ƙasa. Auta ko kwanonin ba ta wanke ba, ta saɓa yaronta a baya sai ofishin yayarta, don wannan labari ya fi ƙarfin waya.

Aikin Yaya kuwa auna nisan tarin taurari ne. Na'urar hangen nesa ke ɗauko hotonsu ta gilasai masu launi, ita kuma ta duba: wanda ya fi ja, ya fi nisa. Akwai wani jan ɗigo da ta yi shekaru a kansa, tana cewa ba a taɓa ganin mai nisansa ba. Sai dai launi uku kacal gare ta, tana jiran na huɗu. Saboda ɗigon nan tana can kan dutse wurin na'ura lokacin da Mama ta cika. Auta ce ta rufe wa Mama ido, kuma abin bai bar ranta ba.

Ta banko ƙofa. "Yaya, albishirinki! Ɗanki ya zama mai cin nama!"

Yaya ba ta juyo ba. Shayi ya huce a gefen kwamfuta, takalminta ɗaya a ƙarƙashin kujera, ɗaya can bakin ƙofa.

"Launi na huɗu ya iso," in ji ta.

"To madalla! Angon da kike ta jira ya bayyana ke nan?"

"Ba shi da nisa, Auta. Na kusa ne. Ƙura ce ta lulluɓe shi, shi ya sa ya yi ja. Da launi uku ba ka bambance su. Irinsa sun fi a ƙirga."

Auta ta leƙa allon. Ɗigo ne dai, kamar cizon sauro.

"To ki yi shiru mana, wa ya sani?"

"Ni na sani. Na riga na gaya wa shugabanmu." Ta juyo ta dubi Auta. "Da kika kira ni ranar nan kan jikin Mama, cewa na yi ki ba ni kwana biyu. Saboda wannan."

Maganar da Auta ta daɗe tana tanadi ta taso mata har maƙogwaro. Ga ranar faɗinta ta zo. Sai ta ga furfura a gefen ɗankwalin Yaya, daidai inda ta Mama ta fara.

Ta kwance goyon, ta dangwara mata yaron a cinya.

"Wanke hannu ba yanzu ba, sa yatsa ki ji."

Yaya ta sa. Yaron ya datse iya ƙarfinsa.

"Wayyo! Ɗan banza, haka ake gaida uwa?"

Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa fuska a kan yaron. Auta ta ɗauko takalmin bakin ƙofa ta ajiye kusa da ɗan'uwansa.

"Tashi mu je gida, Yaya. Mama ma ba ta yi fushi ba, har ta cika tambaya kawai take ko kin ci abinci."