Man Gyaɗa a Wuyan Sitiyari

Shekarar da aka yi Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, maigidana yana da wata akori-kura, yana jigila tsakanin Gwiwa da Kazaure. Mota ce mai haƙuri, aibinta ɗaya: in aka murɗa sitiyari sai ta yi ƙiii, kamar tsohon ƙyaure.

A shekarar ne surukina, Malam Sama'ilu, ya samu kujerar Makka. Tsoho ne tukuf, ya daɗe yana jiran ranar. Aka ce Asabar da la'asar jirginsu zai tashi daga Kano, kuma shi ne jirgin ƙarshe.

Ni fa da kyakkyawar niyya na yi. Na ji Baba, surukin nawa, yana cewa kukan sitiyarin nan na sa masa ciwon kai, mu kuwa a wajenmu duk abin da ya yi ƙara mai ake ba shi. Ran Litinin maigida ya bar bonet a buɗe ya tafi masallaci. Na gama tuyar ƙuli-ƙuli ke nan, sai na cika ludayi da man gyaɗa, na bi sandar sitiyari har inda wani faifan roba ya haɗa ta da ta ƙasa, na tuttula masa. Motar ta kwana biyar a gindin rumbu ana hutar da ita.

Ran Asabar da safe muka kama hanya, Baba a gaba rungume da ƙunshin haraminsa, ni a baya, 'yar rakiya. Ba mu kai Roni ba, a wata kwana, sai ga sitiyari yana juyawa shi kaɗai a hannun maigida, tayoyi ko gezau. Muka faɗa wata gona, yashi ya tsayar da mu.

Maigida ya duba tayoyi, ya shiga ƙarƙashin motar ya girgiza ƙarafa, duk lafiya. Da ya ɗaga bonet sai ya tsaya yana shinshina.

"Dela, me nake ji kamar ƙanshin ƙuli?"

Ɓerayen rumbu sun bi mai sun gaigaye faifan, ɗan zaren da ya rage shi ya tsinke. Na faɗi gaskiya ina kuka.

"Ke, mota ce ko waina?" in ji maigida.

Baba ya ce, "Ƙyale ta. Ai kukan sitiyarin ya daina."

Maigida ya cire takalminsa na taya, ya yanko faifai da wuƙa, ya huda da ƙusa mai zafi, ya ɗaure notuna. Muka ɗan taɓa tafiya, a kwanar farko ya yage. Ya yanka ɗaya ƙafar, ita ma haka. Ba ranar kasuwa ba ce, ba mota ko ɗaya, sai jakai. Wani mai keke ya yarda ya kira mana bakanike daga Kazaure, muka bi bayansa da ido har ya ɓace.

Baba ya koma gefe. Ya kafa sandarsa a ƙasa yana kallon inuwarta tana tsawo. Da ta kai inda ya san la'asar ta yi, ya ce, "'Yata, miƙo min buta."

Sai da rana ta yi ja bakanike ya iso da sabon faifai a aljihu. Ko shan ruwa bai yi ba ya gama ɗaurawa. Muka juya gida, sitiyari shiru.

Baba ya sa na ajiye masa haramin a ƙasan adaka, ya ce sai baɗi. Damina ba ta faɗi ba aka aiko in fito da shi. Da shi aka yi masa likkafani.