Jan Rubutun Mufida

Mufida ba ta nemi wani abin a zo a gani ba. So take kawai idan kamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa aikinsu, ta ci karo da kuskure, ta rubuta shi da ja, gargaɗi kuma da ruwan ɗorawa, ba sai kowa ya kunna da hannunsa ba. Shi ne gyaranta na farko tun da ta shiga ƙungiyar, kuma da yammacin nan za a yanke ko ya zauna ko a cire shi.

Su uku ne a wani ɗan shago a Yelwa, suna gina manhajar da 'yan kifi za su riƙa duba farashi da ita.

"Da can farin rubutu mi ya yi miki?" in ji Jabiru, yana ɓare gyaɗa.

"Jiya tun safe har azahar nike neman kuskure guda! Ashe yana tsakiyar rubutu kamar tsakuwa cikin shinkafa."

"Sayi tabarau mana, ƙanwata."

Ta juya wajen shugabansu. "Yaya Zulkiflu, don Allah gwada ka gani."

Zulkiflu ya buɗe kwamfutarsa, ya harhaɗa aikin, ya washe baki. "Madalla! Yau ko kuskure guda babu. In tura wa 'yan kifin garin Wara?"

Mufida ta matso kusa da shi. Da hannunta ta bar kuskure a ciki don a ga jan. Ta leƙa allonsa: inda ya kamata saƙon ya fito, baƙi ne wuluk.

"Yaya, allon nan naka lafiya?"

"To, tun da ruwa ya fantsamo mai cikin kwale-kwale ba ya nuna ja. Amma yana aiki sarai."

Jabiru ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

"Sai a gyara allon!" in ji Mufida.

"Sai bayan damina," Zulkiflu ya ce, hankalinsa kwance.

Nan Mufida ta hango matsalar. Idan launin ya zauna, wata rana zai tura wa mutane lalataccen aiki yana murna. Ta ja kwamfutarta, ta cire gyaran da kanta, ta bar wa mai so ya kunna.

Ba ta gama sauke numfashi ba Jabiru ya matso da kujerarsa.

"Ke, yaya ake kunna abin nan? Wallahi ya fi daɗin karatu."