Ta Ƙarshen Ayari a Wadi Digla

Bakhita ba ta taɓa jin inda mai cikakken hankali ya bar inuwar ɗakinsa ya tafi sahara yawon shan iska ba, sai da ta kama aiki a gidan Ustaz Osama.

Ita Bahaushiyar Sudan ce, haihuwar Damazin. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogi, suka ce bari su yi noman damina ɗaya su wuce. Har suka mutu ba su wuce ba. Yaƙin da ya ɓarke a garin a 2011 shi ya koro ta, ita da mijinta Ishaq da 'yarsu Fatuma. Ta ɓarauniyar hanya suka shigo Masar, a bayan akori-kura, inda mota ta kafe a rairayi su sauka su taka da ƙafa. Abin da idonta ya gani a wannan hanya ba ta ba kowa labari ba.

A Alƙahira Ishaq ya nemi aiki har takalminsa ya cinye. Sai wasu suka ce masa akwai hanya ta Sina'i, in an tsallake iyaka akwai aiki. Ya tafi da 'yar jakarsa. Sau ɗaya ya kira, murya tana yankewa, yana cewa ta kula da yarinya. Daga nan ɗif.

Aikinta a unguwar Dokki shi ne kula da Hajja, mahaifiyar Osama, tsohuwa mai ciwon ƙafa da yawan mita. Shi kuwa Osama a da Turawa yake kai wa hawan duwatsu. Da juyin juya halin Masar ya zo, baƙi suka ɗauke ƙafa, ya zauna a baranda yana busa taba yana kallon kekunansa da ke rataye suna tara ƙura. Daga baya dabara ta faɗo masa. Tunda na nesa ba sa zuwa, bari ya nemi na gida. Ya shiga tara samari da 'yan matan birnin duk ranar Juma'a, yana kai su Wadi Digla, wani dogon kwari da ke bayan unguwar Ma'adi. Wasu su hau kekuna masu kaurin taya da hular kwano a ka, wasu su bi shi da ƙafa.

Wata safiya ya kurɓi gahawar da ta dafa wa Hajja, mai citta da ƙwayar hel mai ƙanshi, ya ajiye kofin ya dube ta.

"Ya Umm Fatuma, da za ki riƙa dafa wa mutanena wannan a bakin kwarin, da ba wanda zai ƙi dawowa. Ƙanwata za ta zauna da Mama ranar Juma'a."

Ta yarda, amma da sharaɗin ba za ta wuce ƙofar shiga kwarin ba. Haka aka yi ta yi har sanyin 2014 ya shigo. Takan hura gawayinta kusa da inda ake ajiye motoci, ta juya wa kwarin baya. In sun dawo da jajayen fuskoki suna dariya suna nuna wa juna hotuna, ta zuba musu gahawa, a ranta tana cewa, wanda bai san wuta ba shi ke wasa da garwashi.

Rannan saurayin da ke bin bayan ayari bai zo ba, an kira shi aikin soja. Osama ya yi ta kai da komo da waya a kunne, sannan ya zo ya tsuguna gaban murhunta.

"Ba zan iya zama a gaba kuma in zama a baya ba. Ba abin da za ki yi, illa ki zama ta ƙarshe. Kada ki bar kowa a bayanki, khalas, shi ke nan. In wani abu ya faru ki busa wannan."

Ya miƙo mata usur mai jan zare.

"Ya Ustaz, mun yi magana da kai."

"Mun yi. Ma'alish, yi haƙuri. In kin ce a'a, sai in sallame su su koma gida."

Ta dubi mutanen. Akwai wata mai tsohon takalmin mijinta, akwai wani mai tumbi yana ta gwada sandar da ya saya. Sun taso tun sassafe daga ko'ina cikin birnin. Ta kashe gawayin, ta gyara ɗaurin tobinta, lulluɓin matan Sudan, ta rataya usur ɗin.

Masu kekuna suka fara wucewa, tayoyinsu na watsa tsakuwa. Masu ƙafa suka bi. Da kwarin ya yi kwana, hayaniyar motoci ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Bangayen dutse fari-fari da ratsin rawaya suka taso hagu da dama. Bakhita ta ji yawunta ya ƙafe. Ba ƙishi ba ne, ruwa na rataye a kafaɗarta. Ƙanshin busasshen dutsen ne ta sani, da ƙarar tsakuwa ƙarƙashin ƙafa. Ta sa ido a dugadugan na gabanta, ta hana kanta ɗaga kai.

Ta gaban nata wata yarinya ce baƙa, doguwa, cikin dogon hijabi da sabon takalmin kambas. Tun ana tafiya tare har tazara ta fara shiga tsakaninta da sauran. Tana ɗingishi tana ƙoƙarin ɓoyewa. Can ta tsaya ta dafa dutse, ta ce a ƙasa-ƙasa, "Wayyo ni Mardiya, na kawo kaina."

Bakhita ta tsaya cak. Rabon da ta ji wannan harshe a bakin wani ba 'yarta ba, har ta manta.

"To wa ya aike ki?" in ji ta.

Yarinyar ta juyo da sauri har ta kusa faɗuwa. Ta dubi tobin, ta dubi fuskar.

"La ilaha illallah! Inna, Hausa kike ji?"

"Da ita aka yi mini goyo. Zauna mu ga ƙafar."

Bororo ne ya tashi a diddigen ya fashe, safa ta manne da jini. Bakhita ta busa usur. Osama ya dawo da sassarfa, ya duba, ya buɗe jakarsa ya ba su filasta da auduga. Ya ce su zauna a inuwar nan, ayari zai hau sama ya kewayo, ta nan za a dawo. Ya koma, muryoyi suka yi nisa, suka rage su biyu.

Tana wanke ciwon, Mardiya tana ba ta labari. 'Yar Gusau ce, tana karatun Shari'a a sashen mata na Azhar. Wata ƙawarta Bamisiriya ce ta matsa mata, ta ce ba zai yiwu ta gama karatu ta koma gida ba abin da ta sani a Masar sai ɗakin kwana da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ƙawar kuma tana can gaba tana ɗaukar hoto.

"Takalmin jiya na saye shi a kasuwar Ataba," in ji ta.

"Ai kuwa shi ya cije ki. Sabon takalmi ba a kai shi tafiya, sai ya san ƙafa."

Mardiya ta yi dariya. "Inna, wallahi Hausarki irin ta kakata ce, sai dai kin cika ta da Larabci."

"Ke taki ba ki ji ta ba? Yalla, tamam, kamar mai sayar da tumatir a unguwar Bulaƙ."

Suka yi dariya tare, dutsen ya maido musu da ita. Bakhita ta lura ta jingina bayanta da bangon kwarin ba tare da ta sani ba, kuma akwai sanyi mai daɗi a jikinsa.

Mardiya ta kankare wani abu daga dutsen da farcenta, ta ɗora a tafin hannu. Ɗan ƙaramin ƙwanso ne irin na bakin teku, ya zama dutse.

"Ustaz ya ce wai duk nan ƙarƙashin teku ne a da. Ikon Allah."

Bakhita ta karɓa ta jujjuya shi, ta mayar mata. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Kin ce Shari'a kike karantawa."

"Eh, Inna."

"Matar da mijinta ya fita bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Me littafi ya ce?"

Mardiya ta buɗe baki da saurin wadda ta san amsa. Ta fara bayanin mafƙudi, wato wanda ya ɓace, da yadda mace ke kai ƙara gaban alƙali a yanka mata wa'adi. Tana cikin magana idonta ya faɗa kan hannuwan Bakhita, da yadda suka damƙe zaren usur ɗin. Sai muryarta ta yi ƙasa.

"Naki ne?"

"Ishaq sunansa."

Ta ba ta labarin, ba duka ba. Ta faɗi dai fiye da abin da ta taɓa faɗa wa wani, har da matar da suka baro a ƙarƙashin wata ƙaya a hanyar shigowa, saboda direba ya ce ba zai jira ba. Da Larabci maganar ba ta taɓa fitowa ba. Da Hausa kuwa ta fito da kanta.

"Ni ba aure nake nema ba, 'yar nan," ta ce daga ƙarshe. "Addu'a ce ta gagare ni. In na ɗaga hannu zan ce Allah Ya jiƙansa, sai in ji kamar ni na kashe shi. In na ce Allah Ya dawo da shi lafiya, sai in ji kamar ina yaudarar kaina a gaban Ubangiji. Sai in shafa hannu ban ce komai ba."

Mardiya ta daɗe tana kallon ƙafarta mai filasta.

"Wannan ba a koya mana ba," ta ce. "Amma Inna, a nawa ɗan sanin, rahama ba ta matattu kaɗai ba ce. Mu ma da ke zaune nan ita muke ci. Ki ce Allah Ya yi masa rahama a inda yake. Shi ai Ya san inda yake."

Wani tsuntsu baƙi mai farar wutsiya ya sauka kan dutse ya yi ta kallonsu. Daga can sama suka ji ihun wani mai keke yana gangarowa.

Mardiya ta mayar da takalminta, ta take bayansa, ta mai da shi kamar silifa. Ta nuna wata 'yar hanya da ta hau kafaɗar kwarin, ba nisa.

"Ni dai ba zan koma in ce iyakata gindin dutse ba. Mu hau nan kawai, muna hango su in sun taho."

"An ce mu zauna."

"An ce kada ki bar kowa a bayanki. Ai ni a gabanki zan kasance."

Bakhita ta girgiza kai, ta ce 'yan boko da wayon magana, amma ta tashi. Suka hau a hankali, yarinyar na dafe da kafaɗarta a wuraren da ke da santsi. A sama iska ta buge su. Tudu ne shimfiɗaɗɗe, ba itace ba gida, sai siraran hanyoyin kekuna da suka ratsa shi. Ta yamma birnin na kwance cikin hayaƙinsa. Ta gabas kuwa ba komai sai tuddai bayan tuddai har inda ido ya gaza. Bakhita ta san abin da ke can bayansu: Sina'i, inda Ishaq ya bi.

Ta tsaya tana fuskantar wajen. Mardiya ta matsa gefe ta yi kamar tana neman ƙawarta. Bakhita ta ɗaga hannu iyakar ƙirji, leɓunanta suka motsa, ta shafa. Sannan ta goge ido da gefen tobi, ta ce iskar nan da yaji take.

Da ayari ya dawo, Osama ya hango su a sama ya buɗe hannuwa alamar tambaya. A bakin ƙofa ta sake hura gawayi, kowa ya sha gahawa a makare.

Ranar Asabar tana shafa wa Hajja man zafi a gwiwa, Osama ya leƙo ya ce zai nemi wani saurayin kafin Juma'a.

"Bar shi tukuna," in ji Bakhita. "Samarin nan sauri gare su, ba su iya jiran mutum ba."

Tun daga nan ita ke bin baya. Ba ta taɓa cewa tana son wurin ba, kuma wasu ranakun yawun nata yakan ƙafe kamar farko. Labarin Ishaq bai zo ba. Mardiya takan hau tuk-tuk, babur mai ƙafa uku, ta je ɗakin su Bakhita a unguwar Ardul Liwa, ta ci asida da miyar busasshiyar kuɓewa tana rantsuwa tuwo ne aka sauya wa suna, Fatuma na yi mata dariya. A ƙarshen 2015 Mardiya ta gama karatu ta koma Gusau.

Juma'ar da ta biyo bayan tafiyarta, wani dattijo mai ritaya ne ya rage a baya, likita ya ce masa ya riƙa tafiya. Yana haki yana ba ta haƙuri, wai ya tsayar da ita.

"Taka a hankali, ya Hajj," ta ce masa da Larabci. "Ga inuwa can gaba, sai mu sha ruwa."