Mata Biyu a Hoton Baba Abiodun

Shekarata talatin da uku ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata ba. Wajen haihuwata ta rasu, mahaifina kuwa ba ya yarda da hoto a gidansa. Sai bana gwaggona ta saki baki ta ce ai mahaifiyata, Nana Aisha, ta taɓa faɗa mata sun je Sabon Gari sun ɗauki hoto ita da wata ƙawarta, wajen wani Bayarabe, Baba Abiodun. Ko abincin rana ban tsaya ci ba, na rufe shagon ɗinkina a Samaru na tari mota.

Baba Abiodun tsoho ne tukuf, Hausarsa ta fi tawa. Bayan shagonsa akwatuna ne har rufi, kowane fim cikin ambulan ɗinsa da suna da shekara. Kwana biyu yana tono kafin ya kira ni. A jikin ambulan an rubuta: Nana Aisha da Bilkisu, Dogarawa. Ya wanke guda ɗaya ya ajiye a kan tebur. Mata biyu ne cikin anko, doguwa ta ɗaure fuska, gajeriya tana dariya har da rufe baki da gefen gyale.

Na ce, "Baba, wacece uwata a ciki?"

Ya ce, "Ban sani ba, 'yata."

"Kai fa ka ɗauka!"

"Ni na ɗauka, amma na manta. Ba zan nuna miki abin da ban sani ba."

Ni dai idona ya riga ya zauna a kan doguwar, wuyanta irin nawa, har ɗaure fuskar tamu ɗaya. Na ce ya dubi Allah ya ce ita ce, magana ta ƙare. Ya girgiza kai. Na miƙa hannu zan ɗauka, sai ya dafe hoton. Wai fuska biyu ce a ciki, ɗaya ce kawai ta shafe ni, ɗayar matar mutane ce, bai kuma san ko za ta so hotonta na ƙuruciya ya shiga hannun baƙo ba. Haka ya koyi aikin, haka yake yinsa.

Kai, ranar na yi rashin kunya. Na ce masa mugu, na ce wane irin iyayi ne wannan a kan takarda. Ya mayar da hoton cikin ambulan ya ce in ba shi lokaci.

Kwana goma sha ɗaya ban ji ɗuriyarsa ba, ina ta tsine masa a zuci. Ashe kullum da hantsi yake rufe shago ya ɗauki sandarsa ya shiga Dogarawa gida-gida yana tambayar wata Bilkisu. Daga can aka ce ta yi aure a Palladan, ya bi. Mutumin da ko tsallaka titi sai an riƙe masa hannu!

Ran na sha biyu ya kira ni, muka tafi Palladan tare a keke mai ƙafa uku. A zaure ya tsaya, ya ba ni ambulan ya ce in kai mata a rufe, ita za ta buɗe.

Hajiya Bilkisu na zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ɗago ta kalle ni, hawaye na bin kuncinta.

Na ɗora yatsa a kan doguwar na ce, "Ita ce ko, Hajiya?"

Ta ce, "Haba 'yar nan, wannan ai ni ce. Ga uwarki nan mai dariya. Ita ta hana ni sakewa ranar, sai tsokanata take yi."

Na zube a gabanta. Da tsohon nan ya biye mini, da matar da ke raye a gabana zan rataye a ɗaki ina yi mata addu'ar mamaci har in mutu, uwata tana gefe tana dariya ban ko kalle ta ba. Tsoro ya kama ni, da kunya, da wani girman mutumin da ban san inda zan ajiye shi ba.

Hajiya ta miƙo mini hoton ta ce in tafi da shi. Na fito zaure da gudu in roƙi gafarar Baba Abiodun. Yana zaune a kan dakali yana murza gwiwa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Ta yarda a ba ki?"

Na ce ta yarda.

Ya ce, "To, yanzu naki ne. Wacece a ciki? Ni ma ina so in sani."