Kiɗan da Aka Saka Ranar Talata

Shekara ashirin da bakwai ke nan Mai Ganga bai taɓa fashin wasan ƙwallon da ƙungiyarsu ta buga a gida ba. Ya je da zazzaɓi. Ya je da ƙafa a naɗe bayan katako ya faɗo masa a shago. Ya je ranar da aka haifi 'yarsa ta biyu, abin da matarsa ba ta daina tuna masa ba har gobe. Kafinta ne, amma ba mai kiransa da sana'ar. Wurinsa a filin wasa ba ya canzawa: bayan ragar kudu, mataki na huɗu, inda simintin ya yi sulɓi daidai mazaunin gangar.

Yayansa ne ya kafa ƙungiyar magoya baya, shi ne kuma ya tsara musu kiɗa iri uku. Akwai na fitowa, mai sauri, wanda sai 'yan wasa sun ji shi suke barin bakin ɗakin sauya kaya. Akwai na cin ƙwallo. Na ukun shi ne na rashi: bugu biyu a hankali, a tsaya, a sake bugu biyu. Ba a yin sa sai an rasa wani daga cikinsu, kuma in aka fara, filin yakan yi tsit, 'yan wasa su jeru a tsakiya su sunkuyar da kai. Bara waccan Mai Ganga ya yi shi don yayan nasa. Kwana uku kafin rasuwar, a gadon asibiti, Yaya ya kama masa hannu ya ce, “Ko kowa zai gudu, kada ka bar bayan ragar nan babu kowa.” Ya ce to.

Sai bana hukumar wasa ta fito da sabon kofi. Wani kamfanin caca ne ya ɗauki nauyinsa, sunansa a jikin kofin ya fi na hukumar girma. An tilasta wa ƙananan ƙungiyoyi shiga, su kuwa manyan aka yarje musu su turo 'yan wasansu na ajiya. An sa wasannin ranar Talata da ƙarfe biyu, lokacin da mai aiki yake wurin aikinsa, domin ba don 'yan kallo aka shirya su ba, don masu danna waya suna yin caca ne. Magoya baya suka laƙaba masa Kofin Waya.

An yi taro a shagon Tela, wanda ya gaji Yaya a shugabanci. Mutum arba'in da biyu suka cushe tsakanin kekunan ɗinki da yadudduka, wasu a bakin ƙofa.

“Mu ake so mu zama kayan ado,” in ji Tela, almakashi a hannunsa yana nuna mutane da shi. “A kawo mana 'yan benci su motsa jini a kanmu, mu kuma mu yi ta ihu don wani ya sayar da babur ɗinsa a waya. Ranar Talata kowa ya zo, amma a bakin ƙofa za mu tsaya. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu.”

Hannu arba'in da ɗaya ya tashi. Na Mai Ganga yana kan gwiwarsa.

“Kai kuma fa, ƙanen Shugaba? Kafaɗar ce ta riƙe?”

“Ka san abin da ya ce da ni.”

“Na sani. Da yana nan, da shi zai fara kulle ƙofar da kwaɗo.”

“Ba ya nan ai. Abin da ya faɗa shi nake da shi.”

Da aka watse ba a jira shi a bakin titi ba kamar yadda aka saba.

Ranar Litinin da hantsi Sakataren kulob ya zo shagonsa. Ya tsallake tulin garin katako yana ɗage ƙafar wando, ya ajiye leda a kan teburin aiki, kusa da zarto. A ciki akwai katin shiga, riga ruwan ɗorawa, da wata faffaɗar takarda mai manne ɗauke da tambarin kamfanin.

“Wannan na jikin gangar ne, Baba. Sun auna, daidai take.”

“Wa ya auna musu gangata?”

“A hoto suka gani. Baba, kai ne fuskar filin nan. In babu kai, kamar an yi shayi an manta sukari.”

Mai Ganga ya ci gaba da goge ƙafar kujerar da ke hannunsa. Ya san Sakatare tun yana sayar da tikiti ta taga, kuma bai taɓa kiransa Baba ba sai yau.

“Katin zan riƙe,” ya ce. “Kwashe tsummokaranka.”

A gida matarsa ta ga katin a aljihun rigarsa lokacin da za ta jiƙa wanki. Ta ajiye shi a kan talabijin, ta ɗora masa kofi don kada fanka ta ɗauke shi.

“Za ka shiga ke nan, Baban yara?”

“Ba don kofinsu zan shiga ba.”

“Su ina ruwansu da dalilinka? Kai za su ƙirga.” Ta matse riga. “Ni dai ranar haihuwa ma ban hana ka ba, balle yau.”

Ranar Talata ya rufe shago ƙarfe ɗaya. Ya saɓa gangar, ya bi hanyar da ya saba, ta gaban masu facin taya da gidan mai. A gaban filin an jera manyan motoci shida, babu kowa a ciki. Can gefe, a inuwar katanga, magoya baya sun kai ɗari uku, wasu a kan bencina, wasu a tsaye. Sun ɗaure farin yadi tsakanin turakun lantarki biyu, Tela ya ɗinka masa baƙaƙen haruffa: BA MU SHIGA. Da suka hango shi, hirar ta mutu.

“A ba shi hanya,” in ji Tela da ƙarfi. “Makaɗin kamfani ya iso. Ina rigar taka? Ko ba ta shige ka ba, a kawo in buɗa maka?”

Wasu suka yi dariya, da yawa ba su yi ba. Mai Ganga bai waiga ba. Ya miƙa katin, ƙarfen ƙofa ya juya, ya shiga.

Bai taɓa ganin filin haka ba. Ɓangarori uku babu kowa, an lulluɓe kujerun da manyan ƙyallaye masu tambarin kamfanin. Duk mutanen da motocin suka kawo an tattara su a ɓangare ɗaya, wanda ke fuskantar kyamara, an matse su kafaɗa da kafaɗa don hoton ya cika. Kowa da riga ruwan ɗorawa a kan kayansa, har da layin ninkin leda a ƙirji. Wani mutum da lasifikar hannu yana koya musu sunan ƙungiyar, suna maimaitawa, rabi suna kuskurewa. Wata mata ta juya wa filin baya tana yanke farce.

Ya nufi bayan ragar kudu. Mataki na huɗu ma an rufe shi da ƙyalle. Ya sa ƙafa ya ture shi, ya sauke gangar a mazauninta, ya ciro sandar kiɗa. Saura minti biyar. Ya ɗaga hannu zai fara kiɗan fitowa, sai manyan lasifikokin filin suka riga shi.

Bugu biyu a hankali. Shiru. Bugu biyu.

Hannunsa ya tsaya a sama. Gangarsa ce, ba ya ko tantama. Ya san amon fatar da ya ɗaura da kansa. Ya tsaya yana ƙirgawa ba da son ransa ba. A karo na tara bugu na biyu ya zo a makare, ya fito rabi, domin a ranar hannunsa ya yi rawa a daidai nan. Kiɗan Yaya ne.

Mai lasifikar hannu ya daka tsalle. “To, ga kiɗa! Kowa ya tashi! Hannu sama!”

Suka tashi. Kiɗan ba na rawa ba ne, don haka suka yi ta neman inda za su sa ƙafa, wasu suna tafi a cikin shirun da ke tsakanin bugun, wasu suna karkaɗa kafaɗa suna kallon kyamara. Wani ya cire rigar yana juya ta a sama. Allon talla da ke gefen fili yana ta walƙiya da lambobin wanda zai fara cin ƙwallo.

'Yan wasan gida suka fito ba gudu. Kyaftin, wanda ya shekara tara a ƙungiyar, ya tsaya a bakin layi ya dubi bayan raga. Ya ga Mai Ganga tsaye, sanda a hannu. Ya buɗe tafukansa yana tambaya daga nesa: wa? Sai ya yafito sauran, suka jeru a tsakiyar fili, suka sunkuyar da kai. 'Yan wasan baƙi suka ci gaba da 'yan tsalle-tsallensu. Alƙalin wasa ya dubi agogo, ya dubi mutumin talabijin, mutumin ya yi masa alama da yatsa cewa a yi sauri.

Mai Ganga ya sauke sandar kiɗa. Ya tofar da yawu a gefe, ya saɓa gangar, ya gangara.

Teburin sauti yana ƙarƙashin rumfa, kusa da bencin 'yan jarida. Mai kula da na'urar yana zaune da abin ji a kunne ɗaya, yana cin biskit. Sakatare na tsaye a bayansa.

“Ina kuka samo wannan?” in ji Mai Ganga.

Mai na'urar ya zare abin kunnen. “Au, kai ne mai gangar? Sannu da aiki, Baba. An ce mini ba tabbas za ka zo, kuma ko ka zo ganga ɗaya ba ta cika fili a talabijin. Sai aka ba ni faifan wasanninku na shekara biyu. Wallahi duk hayaniya ce, ba abin da za ka tsinta. Wannan kaɗai ne gangar ta fito tas. Ko tari babu. Ban san yadda kuka yi mutane suka yi shiru haka ba.”

Ba da izgili ya faɗa ba. Yabo yake yi.

Mai Ganga ya juya ga Sakatare. “Kai kana nan ranar.”

“Baba, ni ban saurara ba, tura masa kawai na yi.”

“Yanzu ai kana ji.”

Sakatare ya dubi ɓangaren masu rawa, ya dubi mutanen kamfanin da ke zaune a inuwa da ruwan sanyi a gabansu. “Saura minti ɗaya a fara. In aka kashe yanzu filin zai yi shiru a talabijin, kuma su ba sa son shiru. Ka yi haƙuri, gobe sai mu zauna.”

Mai Ganga ya tsaya ya dube shi sosai, kamar yadda yake duban katakon da gara ta cinye ta ciki. Sannan ya waiga bayan ragar kudu. Iska ta riga ta mayar da ƙyallen kan mataki na huɗu. In ya koma can ya zauna, ya cika alkawari, kuma kyamara za ta juyo ta ɗauke shi, shi da gangarsa, a ƙarƙashin wannan kiɗan. Ya ciro katin daga aljihu ya ajiye a kan teburin, kusa da biskit ɗin.

A ƙofa mai gadi ya ce, “Baba, in ka fita ba komowa fa. Haka dokar take.”

“Na ji.”

A waje ba wanda ke zaune. Mutum ɗari uku suna tsaye a inuwar katanga, sun yi tsit, masu hula sun riƙe ta a hannu. Kiɗan yana tsallako katangar yana iske su. Tela ya taho da sauri, babu sauran tsiya a fuskarsa.

“Wa muka rasa?”

“Ba kowa.”

“To wa kake yi wa...” Ya ga gangar a kafaɗarsa, ya kuma ji kiɗan bai tsaya ba.

“Na Yaya ne,” in ji Mai Ganga. “Faifai suka sa. Rawa ake yi a ciki.”

Maganar ta bi layi daga baki zuwa baki. Wani dattijo mai sayar da jarida ya tofar da yawu ya goge bakinsa da bayan hannu. Wani ya durƙusa ya ɗauki dutse, Tela ya ce, “Ajiye. Hoton da suke nema ke nan.” Ya ajiye.

Kiɗan ya yanke a tsakiyar bugu. Aka busa usur.

Mai Ganga ya ji shi sarai. Ya sauke gangar a ƙasa, ya durƙusa, ya shiga sassauta igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi in an gama kakar wasa, har fatar ta saki. Tela ya janye ledar zarensa daga kan benci, ya matsa gefe.

“Zauna, ƙanen Shugaba.”

Ya zauna, bayansa jingine da katangar filin. Daga ciki mai lasifikar hannu yana ta kiran sunan ƙungiyar, mutanen motoci suna amsawa, har yanzu ba su iya faɗinsa daidai ba.